Cutar Farkinson: dalilin ranƙwafawa da yawan faɗuwa, da abin da iyali za su iya yi

In aka ambaci cutar Farkinson, abin da ke fara zo ma mutane a rai shi ne karkarwar hannu. Da ita aka fi gane mai cutar, shi ya sa a gida wasu ke ce mata ciwon karkarwa ko makyarkyata. To amma ku tambayi iyalin da suka daɗe suna jinyar mai wannan cuta, za su faɗa maku abin da ke hana su barci shi ne faɗuwa. Tsoho ya tashi cikin dare zai kewaya, sai a ji shi tim a bakin ƙofa. Ko tsohuwa ta juya za ta ɗauki buta, sai ta tafi da baya kamar an ja ta. Sau da yawa a ce tsufa ne, ko a ce taurin kai ne, an hana shi tashi ya ƙi ji. A wannan shafi mun tattaro abin da aka sani bisa wannan matsala, domin tana da dalili, kuma akwai abin yi.

Cutar a taƙaice

Wani likitan birnin Landan mai suna Jems Farkinson ne ya fara bayanin cutar a rubuce a shekarar 1817, bayan ya lura da mutum 6, wasunsu ma a kan titi ya hango su. Tun a lokacin ya lura da abin da muke magana a kai yau: mai cutar yana ranƙwafawa gaba, kuma tafiyarsa kan rikiɗe ta zama sassarfa ba da son ransa ba. Daga baya babban likitan Faransa, Sharko, ya laƙaba ma cutar sunan Farkinson. Ranar 11 ga watan Afrilu, ranar haihuwarsa, ita aka ware a duniya don tunawa da masu cutar.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin jijiya masu samar da wani sinadari da ake ce ma dofamin. Shi ne ke sa motsi ya tafi sumul, ba sai mutum ya yi tunanin kowane taku ba. A cutar Farkinson waɗannan ƙwayoyi ne ke mutuwa sannu a hankali. Kafin alamu su fito fili, an riga an rasa kusan rabinsu ko fiye. Manyan alamun su ne nawa wajen motsi, sanƙarewar gaɓoɓi, da karkarwar da ke zuwa lokacin da hannu ke hutawa. Ba kowane mai cutar ke karkarwa ba, wannan ma ku riƙe shi. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa a 2019 sama da mutum miliyan 8 da rabi ke ɗauke da ita, kuma adadin ya ninka cikin shekaru 25. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, amma tana kama na ƙasa da haka. Ɗan damben nan Muhammad Ali yana da shekara 42 aka tabbatar masa da ita a 1984, kuma duniya ta ga hannunsa na karkarwa ranar da ya kunna wutar wasannin Olamfik a Atalanta a 1996. Ba a ɗaukarta ta hanyar cuɗanya, ba sammu ba ce, ba kuma iska ba.

Yadda jiki ke riƙe kansa, da inda abin ke lalacewa

Mai lafiya ba ya sanin aikin da jikinsa ke yi don ya tsaya cik. Ido na faɗa ma ƙwaƙwalwa inda ƙasa take. Cikin kunne akwai wani sashe mai gane ko kai ya karkata. Tafin ƙafa da gaɓoɓi su ma suna aika nasu labarin. Ƙwaƙwalwa ta haɗa duka ukun, ta ba tsoka umarni cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa in yaro ya bangaje ku a kasuwa, kafin ku ankara ƙafarku ta riga ta yi taku ta tare ku.

Wannan takun na tare kai shi ne ke lalacewa a cutar Farkinson. Yana zuwa a makare, kuma yana zuwa ƙarami. Jiki ya riga ya tafi, ƙafa ta yi ɗan taku kamar na ɗan tatata, bai isa ya tare nauyin ba, sai a yi wani, a yi wani, har a kai ƙasa. Gangar jiki kuma ta sanƙare kamar gungume, ba ta lanƙwasawa ta gyara tsayuwa. Hannuwan da ya kamata su miƙe su kare fuska su ma suna makara, shi ya sa masu cutar kan ji ciwo a fuska da kafaɗa da kwatangwalo.

Akwai kuma wani abu da iyali ba su cika ganewa ba. Ƙwaƙwalwar mai cutar ba ta karanta labarin gaɓoɓi daidai. Mutum na iya karkacewa gefe guda alhali shi a ransa a miƙe yake. In kun ce masa “Baba, miƙe mana”, zai miƙe, bayan minti biyu ya koma yadda yake. Ba raini ba ne. Tunda labarin ƙafa ya raunana, sai ya dogara ga ido fiye da kowa. Kun ga kenan duhu babban abokin gaba ne gare shi.

Likita na da gwaji mai sauƙi na gane wannan. Yakan tsaya bayan marar lafiya, ya gaya masa abin da zai yi, sannan ya fizgo kafaɗunsa baya. Mai lafiya taku ɗaya ko biyu zai yi ya tsaya. In mutum ya yi fiye da haka, ko da ba a tare shi ba da ya faɗi, to matsalar ta shigo. Muna roƙo kada a gwada wannan a gida, likita ya san yadda zai tare mutum. A ma'aunin matakai 5 da wasu likitocin Amurka biyu suka fitar a 1967, wanda har yau ake aiki da shi, rashin iya tare kai shi ne alamar shiga mataki na 3. Ma'ana yawanci sai cuta ta yi shekaru yake bayyana. In mutum ya fara yawan faɗuwa tun a shekarun farko, musamman faɗuwa da baya, ko ya kasa sauke idonsa ya kalli ƙasa, likita kan yi zargin wata cuta ce mai kama da Farkinson amma ba ita ba. Saboda haka in za ku likita, ku tuna lokacin da aka fara faɗuwa, yana da amfani ƙwarai.

Ranƙwafawa da karkacewa

Tsayuwar mai Farkinson sananniya ce: kai ya yi gaba, kafaɗu sun zubo, gwiwar hannu da ta ƙafa sun ɗan lanƙwashe, hannu ba ya lilo in ana tafiya. Tunda nauyin jiki ya riga ya yi gaba, ƙafafu sai su riƙa bin sa da gajerun taku masu sauri. Sassarfar da Jems Farkinson ya gani kenan. Wani sai ya ci karo da bango ko ya kama wani abu yake iya tsayawa.

Wasu ranƙwafawar tasu kan yi tsanani, su lanƙwashe daga ƙugu kamar mai ruku'u. Abin da ya bambanta ta da doron tsufa ko lalacewar ƙashin baya shi ne in mutum ya kwanta rigingine sai bayan ya miƙe. Wasu kuma gefe suke karkata, har likitoci suka sa ma wannan sunan hasumiyar Fiza ta ƙasar Italiya, wadda ta shahara da karkata. Akwai kuma waɗanda wuyansu ke sunkuyawa har haɓa ta kusa taɓa ƙirji. Duk waɗannan suna jawo ciwon baya, suna takura numfashi, suna sa cin abinci da haɗiya su yi wuya. In karkacewa ta zo farat ɗaya cikin ƴan kwanaki ko makonni, musamman bayan an canza magani, a koma wajen likita da wuri, domin wani lokaci maganin ne ya jawo, kuma ana iya gyarawa kafin jiki ya saba da ita.

Faɗuwa ba iri ɗaya ba ce

Binciken da aka tattara ya nuna kusan mutum 6 cikin 10 na masu cutar kan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kusan 4 cikin 10 suna maimaitawa. Amma dalilan sun bambanta, kuma kowane da nasa maganin.

Bayan rashin tare kai da muka yi bayani, akwai kafewar ƙafa. Mutum na cikin tafiya sai ƙafafunsa su kafe kamar an manna su da ƙasa, gangar jiki kuma ta ci gaba. Daƙiƙu kaɗan abin ke ɗauka, amma sun isa a kife. Ya fi faruwa wajen fara tafiya, wajen juyawa, a bakin ƙofa ko wuri mai ƙunci, da lokacin da ake gaggauta mutum. Ku duba gidajenmu: ƙofar zaure ƙarama, ga dokin ƙofa, ga kwana kafin a shiga tsakar gida. Duk wuraren da ƙafa ke kafewa kenan. In hakan ta faru, jan mutum da hannu ko yi masa tsawa ƙara kafe shi yake yi.

Na biyu shi ne juwa wajen tashi. Cutar na taɓa jijiyoyin da ke daidaita tansiyo, sai jini ya sauka in mutum ya miƙe tsaye. Ido ya yi duhu, wuya da kafaɗa su yi nauyi, wani ma ya suma. Ana gane shi in an auna tansiyo a kwance, sannan a sake aunawa a tsaye cikin minti 3: in na sama ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10, to shi ne. Wannan awo ko a CSI ana iya yin sa. A nan ƙasarmu abin ya fi tsanani a bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce 40 kuma jiki ke rasa ruwa. Maganin Farkinson kansa da maganin hawan jini suna iya ƙara shi. Tsofaffi da yawa kan rage shan ruwa don kada fitsari ya dame su da dare, ba su san suna sayen juwa da kuɗinsu ba.

Na uku shi ne haɗa aiki biyu. Tafiyar da a da ke yin kanta yanzu sai an sa mata hankali. In mutum na tafiya yana amsa gaisuwa, ko yana riƙe da kwanon abinci, ko waya ta yi ƙara a aljihu, hankalin ya rabu, ƙafa ta rikice. Mu kuwa mutane ne masu doguwar gaisuwa. In kun haɗu da mai cutar a hanya, ku bari ya tsaya ya kafa ƙafafunsa, sannan a yi “ina kwana, ina gajiya”.

Sai kuma magungunan da ake sha barkatai. Magungunan barci irin su Valium suna ƙara faɗuwa. Artane, wanda ake bayarwa don karkarwa saboda arharsa, yana iya rikita tunanin tsofaffi. Haldol da Largactil da maganin amai Primpéran kuwa suna toshe aikin dofamin, suna tsananta cutar, har suna iya jawo alamunta ga wanda ba ya da ita. Duk wanda zai rubuta ma marar lafiyarku magani, ku faɗa masa yana da Farkinson.

Iyakar magani

Babban maganin cutar shi ne lebodofa, wanda jiki ke mayarwa dofamin. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake aiki da shi, kuma a famasi za ku same shi da sunaye irin su Modopar da Sinemet. Yana rage nawa da sanƙarewa sosai, wanda ya kasa ɗaure maɓallin riga ya koma yana yi. Kafewar ƙafa ma in tana zuwa ne lokacin da ƙarfin magani ya ƙare a jiki, gyaran lokutan sha na rage ta. To amma gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, rashin tare kai ba ya jin lebodofa yadda sauran alamu ke ji, domin akwai wasu hanyoyin ƙwaƙwalwa da suka lalace waɗanda ba na dofamin ba ne. Wani ma da magani ya sake masa jiki sai ya ƙara yawo, ya ƙara faɗuwa. Ƙara yawan ƙwaya da kanku ba zai hana faɗuwa ba.

A sha magani a kan lokacinsa. Nama da madara da wake suna rage shigarsa jini ga wasu, shi ya sa ake ba da shawarar sha kamar rabin awa kafin abinci. Kada a taɓa tsayar da shi farat ɗaya, yin haka na iya jawo sanƙarewa da zazzaɓi mai kisa. Mun san maganin na da tsada kuma yana yankewa, musamman ga na nesa da manyan birane, don haka a nemi na gaba tun na hannu bai ƙare ba. Mai son yin azumi ya fara shawara da likitansa, tunda ƙwayar a rarrabe ake shan ta cikin yini. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya kaɗan ne a ƙasar, akasarinsu a Yamai, amma babban asibitin Damagaram ko na Maraɗi ko na Tawa na iya duba mutum su tura shi inda ya dace. Kafin tafiya, a sa wani yaro mai karatu ya riƙa rubuta kowace faɗuwa: ƙarfe nawa, a ina, me yake yi, gaba ya faɗi ko baya, ya ji juwa ko bai ji ba, yaushe ya sha magani. Wannan takarda ta fi dogon bayani amfani ga likita.

Motsa jiki da dabarar kiɗa

Inda magani ya gaza, motsa jiki na taimakawa. A 2012 an wallafa wani bincike da aka yi a jihar Oregon ta Amurka bisa mutum 195 masu cutar. Waɗanda suka yi taici, wani motsa jiki na ƴan Sin mai tafiya a hankali, sau biyu a mako har mako 24, sun fi iya riƙe kansu kuma sun fi ƙarancin faɗuwa bisa ga waɗanda suka yi miƙa kawai. Ba sai mun koyi taici ba. Abin da ke cikinsa shi ne maida nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, yin manyan taku, da juya gangar jiki. Ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda muke ce ma kine, zai iya tsara ma mutum irin nasa. A gida ana iya tashi da zama daga kujera sau goma, jingina baya da ƙeya ga bango don tuna ma jiki miƙewa, kwanciya rigingine na ɗan lokaci ba tare da tulin matashi ba, da tafiya da sanyin safiya tare da rakiya, ana sauke diddige kafin yatsu.

Kuskuren da muke yi saboda tausayi shi ne zaunar da mutum. Ya faɗi sau ɗaya, sai a ce daga yau kada ya motsa, komai a kawo masa. Wata biyu tsoka ta narke, tsoro ya shige shi, ranar da ya tashi faɗuwar ta fi ta farko muni.

Ga kafewar ƙafa kuwa akwai dabara mai ban mamaki. Tunda tafiyar da ke yin kanta ce ta lalace, in aka ba ƙwaƙwalwa alama daga waje sai ta bi wata hanya. A ja layuka a ƙasa, tazarar taku guda tsakaninsu, da gawayi ko fenti a kan siminti, mutum ya riƙa tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Ko ya ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Ko mai rakiya ya sa ƙafarsa a gabansa ya ce “tsallake”. Kiɗa mai bugu daidai, irin na kalangu ko ganga, shi ma yana yi, ko daga rediyo ne. In ƙafa ta kafe, ya tsaya, ya miƙe, ya ja numfashi, ya maida nauyi gefe da gefe, sannan ya yi babban taku guda. Wajen juyawa kada ya murɗa a wuri ɗaya, ya zagaya kamar mai kewaya turmi.

Gyaran gida

A bi hanyar da yake bi kullum, daga shimfiɗa zuwa ban ɗaki zuwa inda yake zama, a dube ta da idon mai neman tuntuɓe. Tabarmar da bakinta ya naɗe, igiyar akuya, buta, takalman yara, turmi, duka a kawar. Dokin ƙofa in ba za a rage shi ba, a shafa masa farin fenti, a kafa abin kamawa a gefe. A bar fitila mai caji ko tocila kusa da kai, a aje masa abin fitsari a ɗaki don kada ya ratsa tsakar gida cikin duhu.

Tashi daga ƙasa na da wuya ga mai wannan cuta. Katifar ƙasa da kujera ƴar tsugunne ba nasa ba ne yanzu. Gado mai tsayin gwiwa da kujera mai hannu sun fi. Da safe ya fara zama bakin gado minti ɗaya ko biyu, ya motsa ƙafafu, ya sha ruwa, sannan ya miƙe. Masai na tsuguno nan ne aka fi jin tsoro: a sa kafinta ko mai walda ya yi kujera mai huji da za a ɗora bisa ramin, da ƙarfen kamawa a bango. Wanka da alwala da sa wando duka a zaune. Silifa mai santsi a canza ta da takalmi mai kama diddige, babbar riga ko zanen da ke jan ƙasa a ɗage shi. Wanda tashi daga sujada ke kayar da shi, malamai sun yi bayanin sauƙin yin salla a zaune. Sanda na taimakon wasu, wasu kuma tana harɗe su, gara kine ya gwada ya gani. A kan kabu-kabu kuwa, kada a ɗora shi shi kaɗai a baya.

In an faɗi

Kada a yi saurin fizgo shi da hannu. A bar shi ya nutsu, a tambaye shi inda ke ciwo. In babu rauni, ya mirgina gefe, ya dafa hannu da gwiwa, ya rarrafa zuwa kujera ko gado mai ƙarfi, ya kafa ƙafa guda, ya tashi a hankali ana tallafe da ƙugunsa. In ya kasa taka ƙafa, ko aka ga ta gajarce ta juya waje, a ɗauka karayar kwatangwalo ce. Wannan karaya ba ta mai ɗori ba ce, hoto da asibiti take so, kuma a tafi da maganinsa na Farkinson don kada a yanke masa shi a can. In kai ne ya bugu, a sa masa ido: amai, ciwon kai mai tsanani, yawan barci, rikicewa ko raunin ɓari guda na iya nuna jini ya taru cikin kai, kuma ga tsofaffi alamun kan iya ɗaukar makonni kafin su fito. In kuma mai cutar ya rikice ko faɗuwarsa ta ƙaru cikin kwana biyu ko uku ba tare da an canza komai ba, a auna shi zazzaɓin cizon sauro da ciwon fitsari, a kuma tambaya yaushe rabonsa da ba haya.